Yadda Ake Tayar da Manhajar Karanta Allo ga Makafi, Daga Windows Zuwa Mac, Linux da Wayoyin Hannu

Kwamfutar da ba ta magana, a wurin makaho, ba ta da maraba da katako. Abin da ke buɗe mata baki shi ne manhajar karanta allo, wadda ke faɗa maka da murya duk abin da yatsanka ya sauka a kai, ko ta aika shi zuwa na'urar rubutun makafi ta Braille ka shafa ka karanta. Ɗan jagora ce, sai dai ba ta gajiya kuma ba ta tsegumi.

Kafin mu taɓa wani maɓalli, akwai abin da ya kamata ka sani, domin shi zai raba ka da ruɗani nan gaba. Wannan manhaja ba kallon hoton allo take yi ba. Tambayar babbar manhajar na'urar take yi: mene ne sunan abin nan, wane iri ne, a wane hali yake? Sai a ba ta amsa, misali "Save, maɓalli ne", ta faɗa maka. Kowace babbar manhaja da hanyarta ta ba da wannan amsa. Windows tana da UI Automation da wasu tsofaffin hanyoyi, Linux tana da AT-SPI, Apple da Google kowa da nasa. Shi ya sa ba za ka ɗauki NVDA, manhajar karanta allo ta Windows, ka ɗora a kan Mac ta yi aiki ba, kuma shi ya sa wani lokaci za ka ji muryar ta ce "button" kawai ta yi shiru. Ba laifinta ba ne, wanda ya gina shafin ne bai raɗa wa maɓallin suna ba.

Ni a nawa ganin, kada wanda yake farawa ya ɓata lokacinsa wajen haddace ɗaruruwan umarni. A kowace na'ura ka fara neman abu huɗu: yadda ake tayar da muryar da kashe ta, maɓallin da ake haɗawa da sauran don ba ta umarni, yadda ake ce mata ta yi shiru, da yanayin koyo inda za ka danna komai ta faɗa maka aikinsa ba tare da ta aikata ba. Na ukun ma an sauƙaƙa maka: a kwamfuta, kowace iri ce, Ctrl ke katse magana. A waya kuma, iPhone ko Android, taɓa allo sau ɗaya da yatsu biyu.

Windows: fara da abin da ke ciki

Kowace Windows 10 da 11 tana zuwa da Narrator. Danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter a tare, za ka ji ta fara magana. Su ne kuma ke kashe ta. Wannan haɗin yana aiki tun a shafin shigar da kalmar sirri, har ma lokacin da ake ɗora sabuwar Windows, don haka ka riƙe shi kamar sunanka ko da ba Narrator za ka zauna da ita ba. Maɓallin umarninta Caps Lock ne ko Insert. Haɗa shi da 1 ka shiga yanayin koyo, haɗa shi da Space ka shiga yanayin da ake bin shafi da kibiyoyi.

Narrator ta gyaru sosai a 'yan shekarun nan, amma mafi yawan mutanen da na koyar, amfaninta na farko a wurinsu shi ne ta raka su su sauke NVDA.

NVDA kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka raine ta tun daga 2006, kuma ƙungiyarsu ta NV Access ce ke kula da ita. Daga shafin ƙungiyar za ka sauke ta, kada ka karɓa daga wani wuri. Idan fayil ɗin ya gama sauka, ga yadda ake yi.

Kashe Narrator tukuna, in ba haka ba muryoyi biyu za su haɗu a kunnenka ka rasa wadda za ka bi. Buɗe fayil ɗin. Za ka ji ɗan kiɗa, sannan NVDA ta fara magana da kanta tun ba a girka ta ba. Yi amfani da Tab ka kai kan akwatin amincewa da sharuɗɗa, danna Space, sannan ka ci gaba da Tab. Za ka ji zaɓi: girkawa a wannan kwamfutar, ko yin kwafin tafi-da-gidanka, ko ci gaba da aiki na wucin gadi. Zaɓi girkawa. A nan ne mutane da yawa ke tsayawa cak, domin Windows takan fito da tambayar neman izini, muryar kuma ta ɗauke. Kada ka firgita. Danna Alt da Y, ma'ana ka amince, sai aikin ya ci gaba.

Bayan an gama, wani akwatin maraba zai fito. Abu uku za ka duba a cikinsa. Na farko tsarin madannai: na kwamfutar tebur ko na ta cinya. Idan madannanka ba su da rukunin lambobi a gefen dama, zaɓi na ta cinya. Na biyu, amince Caps Lock ya zama maɓallin NVDA, domin a ƙananan kwamfutoci Insert yakan ɓuya a wani lungu, wani lokaci ma sai an haɗa da Fn. Idan kana son manyan baƙaƙe daga baya, danna Caps Lock sau biyu da sauri. Na uku, sa ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da ka shiga kwamfutar.

Daga nan, duk inda na ce NVDA da wani maɓalli, NVDA ɗin na nufin Insert ko Caps Lock. Ctrl da Alt da N ke tayar da manhajar. NVDA da N ke buɗe jerin saitinta, NVDA da Q ke rufe ta, NVDA da 1 yanayin koyo ne. NVDA da T zai faɗa maka sunan tagar da kake ciki, kuma wannan shi ne abin da za ka danna duk lokacin da ka ɓata. NVDA da F12 ke faɗar lokaci. Don ta karanta maka rubutu tiryan-tiryan daga inda kake, NVDA da kibiyar ƙasa a tsarin tebur, NVDA da A a tsarin ta cinya.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne shafukan intanet, domin a nan ne ake bambanta wanda ya iya da wanda yake wahala. Sabon shiga yakan sa kibiyar ƙasa ya yi ta dannawa layi bayan layi, ya bi ta kan tallace-tallace da jerin mahaɗai hamsin kafin ya kai ga labarin da ya zo karantawa. Ba haka ake yi ba. Da shafi ya buɗe, danna H. Za ta tsallaka da kai zuwa kanun rubutu na gaba. Lambobi 1 zuwa 6 suna kai ka kanu gwargwadon girmansa, kuma a shafin da aka gina da kyau, 1 kan sauke ka a kan babban taken labarin kai tsaye. K mahaɗi ne, B maɓalli, E gurbin rubutu, F duk wani gurbin fom, T jadawali, D manyan sassan shafi. Haɗa kowanne da Shift ka koma baya. NVDA da F7 zai tattaro maka mahaɗai da kanun shafin duka a jeri guda ka zaɓa.

To amma idan H na nufin tsallakawa, yaya za ka rubuta kalmar da ke da h a cikin fom? Nan ne maganar yanayi biyu ta shigo. Akwai yanayin karatu, inda baƙaƙe umarni ne, da yanayin rubutu, inda baƙaƙe baƙaƙe ne. Idan ka kai kan gurbin rubutu ka danna Enter, za ka ji wani ɗan sauti, ka shiga yanayin rubutu ke nan. Escape ke fitar da kai, ko NVDA da Space, wanda ke juya ka tsakanin biyun. Duk ranar da ka ga kana rubutu amma ba abin da ke shiga, ko kana danna H ba ta tsallakawa, kada ka zargi kwamfutar. Yanayin ne ya juye.

Wani tarko kuma: NVDA da S yana sauya yanayin muryar, daga magana zuwa shiru ko 'yan ƙararraki. Hannu kan kai kansa bisa kuskure, musamman ga mai amfani da Caps Lock, tunda S na nan kusa. Idan murya ta ɗauke ba dalili, sake danna shi har ta dawo kafin ka fara tunanin kashe kwamfuta.

Ina ba kowa shawara ya yi kwafin tafi-da-gidanka a kan filasha. Da shi za ka zauna gaban kwamfutar da ba taka ba ka tayar da NVDA da saitinka ba tare da ka girka komai ba. Iyakarsa ita ce ba ya karanta shafin shiga da tambayoyin neman izini. A waɗannan wuraren sai ka kira Narrator.

JAWS kuwa, wata manhajar karanta allon, ta kuɗi ce, ta kamfanin Freedom Scientific na Amurka, kuma tun 1995 take a kan Windows. Ma'aikatu da yawa ita suke saya wa ma'aikatansu. Ana iya gwada ta kyauta na minti 40, daga nan sai an sake tayar da kwamfuta. Wanda ya iya NVDA ba zai sha wuya ba: Insert da T taken taga, Insert da kibiyar ƙasa karatu, Insert da 1 koyo, H kanu. Jerin mahaɗai Insert da F7, jerin kanu Insert da F6, rufewa Insert da F4.

Mac: sai ka sauya tunani

VoiceOver tana cikin kowace Mac tun 2005, ba a sauke komai. Command da F5 ke tayar da ita. A masu na'urar karanta zanen yatsa, riƙe Command ka danna Touch ID sau uku da sauri. Karon farko za ta tambaye ka: danna V idan ka iya, danna Space idan kana son darasi. Ka danna Space. Darasin ya cancanci lokacinka.

Maɓallin umarni a nan Control da Option ne a tare, ko Caps Lock, ana kiransu VO. VO da kibiyar dama ko hagu ke matsar da kai, VO da Space ke danna abu, VO da A karatu, VO da K koyo, VO da M jerin umarnin sama, VO da D jerin manhajojin da ke ƙasan allo, VO da F8 saiti.

Abin da ke ɗaure wa wanda ya fito daga Windows kai shi ne, Mac tana ɗaukar allo kamar gida mai ɗakuna. Kibiya za ta kai ka ƙofar ɗaki ta ce maka "jadawali" ko "rukunin kayan aiki", amma ba za ta shigar da kai ba. Sai ka danna VO da Shift da kibiyar ƙasa ka shiga, ka gama abin da za ka yi, sannan VO da Shift da kibiyar sama ka fito. Makon farko za ka ji kamar ana ja maka rai. Daga baya za ka ga amfaninsa, domin kana iya tsallake ɗaki guda mai kaya ɗari da dannawa ɗaya. A intanet, VO da U ke buɗe jerin kanu da mahaɗai, kibiyar dama da hagu su sauya maka nau'in jerin, VO da Command da H kuma su kai ka kanu na gaba.

Idan kana tafiyar da Windows a cikin Mac ta hanyar kwamfutar kwaikwayo, wato manhajar da ke buɗe Windows a taga a cikin Mac, NVDA za ta yi aiki a ciki. Sai dai madannan Mac ba su da Insert, kuma VoiceOver da NVDA za su yi ta rigima a kan Caps Lock. Kashe VoiceOver da zarar ka shiga tagar Windows, ko ka jona madannai na waje masu Insert.

Linux da Chromebook

A Linux sunanta Orca. A GNOME da MATE, biyu daga cikin tsare-tsaren allon Linux, danna Super, wato maɓallin Windows, da Alt da S. Idan ba ta amsa ba, danna Alt da F2, rubuta orca, danna Enter. Idan babu ita sam, a Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, umarnin shi ne sudo apt install orca. Maɓallinta Insert ne a tsarin tebur, Caps Lock a na ta cinya. Haɗa shi da Space ka shiga saiti, da H ka shiga koyo, da A ka juya tsakanin karatu da rubutu a intanet. H da K da B suna aiki a Firefox kamar yadda ka saba.

Gaskiya ita ce Linux ta fi sauran neman haƙuri. Orca ba ita ke fitar da sauti da kanta ba, tana miƙa wa Speech Dispatcher ne, shi kuma ya miƙa wa injin murya, galibi eSpeak NG. Don haka idan shiru ya yi, gwada umarnin spd-say sannu. Idan ka ji kalmar, matsalar ta Orca ce, sai ka sake tayar da ita da orca --replace. Idan ba ka ji ba, matsalar tana can ƙasa wajen sauti. Orca kuma ba ta aiki a baƙin allon umarni tsantsa, can Speakup ake amfani da ita, BRLTTY kuma ga mai na'urar Braille. Abin yabo guda: manhajar girka Debian tana iya magana tun daga farko idan ka danna S sannan Enter a jerin farko da ke fitowa.

Chromebook ba ta da dogon bayani. Ctrl da Alt da Z ke tayar da ChromeVox, maɓallin Search shi ne na umarni. Search da kibiya don motsi, Search da Space don dannawa, Search da H kanu, Search da maɓallin aya (.) don jerin umarni duka.

Wayoyin hannu

Da an tayar da murya a waya, dokar taɓawa ta sauya baki ɗaya. Taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, faɗa maka sunan abin kawai take yi. Taɓawa biyu da sauri, a ko'ina a kan allon, ita ke buɗe abin da aka faɗa na ƙarshe. Shafa yatsa ɗaya dama ka je abu na gaba, hagu ka koma baya. Wannan ɗaya ne a iPhone da Android. Shi ne kuma abin da ke rikita masu gani idan suka ari wayar makaho, su yi ta dangwala suna cewa ta lalace.

A iPhone, VoiceOver ta shigo da samfurin 3GS a 2009. Tana cikin Settings, sashen Accessibility, ko ka ce wa Siri ta kunna maka. Abu na farko da za ka yi shi ne ka gangara ƙarshen wannan sashen ka saita Accessibility Shortcut a kan VoiceOver, ta yadda danna maɓallin gefe sau uku zai riƙa kunnawa da kashewa. Yatsu uku ake shafawa don gangar da shafi. Shafa yatsu biyu sama ta karanta daga farkon allo, ƙasa ta karanta daga inda kake. Taɓawa biyu da yatsu biyu ke ɗaga kira ko ajiye shi, ko tsayar da sautin da ke tafiya. Zana Z da yatsu biyu ka koma baya. A wayoyin da ba su da maɓallin gida, ja yatsa daga gindin allo zuwa sama har ka ji girgiza ta farko ka saki, ka koma gida ke nan. Idan ka jira ta biyu, jerin manhajojin da ke buɗe za ta nuna.

Sai abin da suke kira rotor. Ɗora yatsu biyu a allo ka murza kamar kana murɗa rediyo. Kowace murzawa za ta ambaci wani abu: baƙaƙe, kalmomi, kanu, saurin magana. Tsaya a kan wanda kake so, sannan ka shafa yatsa ɗaya sama ko ƙasa.

Wata ɗaliba da na koyar ta taɓa zuwa da iPhone a hannu, ranta a ɓace, wai wayar ta mutu tun daren jiya: ba murya, kuma ƙanenta ya duba ya ce allon baƙi ƙirin. Na karɓa na kara a kunne na shafa, sai na ji 'yan ƙananan sautukan motsi suna nan. Na taɓa sau biyu da yatsu uku, murya ta dawo. Na taɓa sau uku da yatsu uku, allo ya haska. A cikin jaka ko a hannu ta yi duka biyun ba ta sani ba. Na farkon kashe magana yake yi, na biyun labule ne da ke rufe allo don kada na kusa da kai ya leƙa. Labulen yana da amfani sosai lokacin shigar da lambar sirri, in dai ka san yadda ake yaye shi.

A Android sunanta TalkBack, tana cikin Settings, sashen Accessibility. Kunna gajeriyar hanyarta ta maɓallan sauti, ta yadda riƙe na ƙarawa da na ragewa tare na daƙiƙa 3 zai tayar da ita. A sabuwar waya fil da ba a saita ba ma wannan yakan yi aiki. Yatsu biyu ake gangar da shafi da su, ba uku ba. TalkBack tana da shafa mai kusurwa, kamar kana zana L ba tare da ɗaga yatsa ba: ƙasa sannan hagu komawa baya, sama sannan hagu gida, hagu sannan sama manhajojin da ke buɗe, dama sannan ƙasa sanarwa, ƙasa sannan dama jerin umarnin TalkBack. Daga 2021 an ƙara shafar yatsu da yawa, don haka a sababbin wayoyi taɓawa ɗaya da yatsu uku ma na buɗe wannan jerin. Kamfanonin waya sukan sauya wa saiti wuri, saboda haka idan ba ka ga abu inda na ce ba, rubuta TalkBack a gurbin bincike na Settings.

Gyaran murya

Kada ka ji ƙwararru suna sauraro da gudun da kai ba ka tsintar ko kalma ɗaya ka ce sai ka yi haka yau. Fara da saurin da kake fahimta, ka riƙa ƙarawa kaɗan duk bayan 'yan kwanaki, kunne zai saba. A NVDA, riƙe NVDA da Ctrl, kibiyar dama da hagu su zaɓi abin da za a sauya, ta sama da ta ƙasa su ƙara ko su rage. A tsarin ta cinya sai an haɗa da Shift. NVDA da Ctrl da S ke sauya injin muryar gaba ɗaya. Muryoyi masu kama da ta mutum sun fi daɗin ji, amma eSpeak NG, duk da ƙarfe-ƙarfen sautinta, ta fi saurin amsawa kuma ba ta haɗiye baƙaƙe idan an ƙara gudu.

Idan muryar da ke na'urarka ba ta san harshen rubutun ba, za ta karanta shi da ƙa'idar nata harshen, ka ji kalmomi sun karkace. Dabara ita ce ka gwada muryar harshen da ake karanta shi kamar yadda aka rubuta, irin Swahili ko Italiyanci, duka suna cikin eSpeak NG. Kalmomin da suka ƙi daidaituwa kuma, NVDA da VoiceOver suna da ƙamus na furuci inda za ka rubuta kalmar da yadda kake so a faɗe ta.

Rubutun da ke cikin hoto, ko takardar da aka ɗauka da na'urar kwafi, manhajar ba ta ganinsa kai tsaye. A NVDA, kai kan hoton ka danna NVDA da R, Windows za ta yi ƙoƙarin tsamo baƙaƙen, ka karanta da kibiyoyi, Escape ya fitar da kai.

Game da abin sauraro na kunne, mai waya ya fi na Bluetooth a wannan aikin. Na Bluetooth yakan yi ɗan jinkiri, wasu kuma sukan yi barci idan shiru ya yi, su yanke farkon kalma lokacin da suka farka. Idan kana rubutu kana jin kamar muryar tana bin bayan yatsunka, cire shi ka jona mai waya ka gwada kafin ka taɓa saitin manhajar.